KALMOMI A FAGEN FAMA: BA DA TARIHIN GWAGWARMAYAR BAƘAƘEN AMURKA DA HAUSA

Gabatarwa

 Abin da ya haifar da wannan maƙala wata 'yar tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini a aji. Muna cikin darasi a kan Amurka, sai na ce musu a da can dokar wasu jihohin ƙasar ta raba makarantun baƙaƙen fata da na fararen fata. Yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ina laifi a nan? Ai mu ma an raba makarantar maza da ta mata, kuma ba wanda ya ce an zalunce shi."

Da na koma gida na zauna na yi nazari, sai na gane cewa yaron ya fi ni gaskiya, domin ni ne na ce "raba". Ita kuwa raba a Hausa kalma ce mai sanyi: ana raba gado, ana raba goro, ana raba faɗa. Ashe kalmar da azzalumi ya zaɓa wa aikinsa ita na ɗauko na miƙa wa yaro da hannuna. Tun daga ranar na lura da wani abu game da wannan tarihi, wato kusan duk wani zalunci da aka yi a cikinsa an sa masa suna mai taushi, kura ce da fatar akuya. Don haka duk marubucin da zai kawo shi cikin Hausa, ko a labari, ko a waƙa, ko a wasan kwaikwayo, wajibi ne ya bi kowace kalma zuwa ga aikin da aka yi da ita kafin ya zaɓa mata takwara. A nan zan ɗauki muhimman kalmomin ɗaya bayan ɗaya tare da tarihinsu.

Bauta da 'yanci

Farkon kalmar da za mu ci karo da ita ita ce bauta. A shekarar 1619 aka sauke wasu 'yan Afirka a gaɓar Virginia, kuma ya zuwa ƙidayar 1860 bayin da ke Amurka sun kusa miliyan 4. To amma idan Bahaushe ya ji "bawa", hoton da ke zuwa masa a zuciya gauraye yake. Akwai bayin gandu da na rinji waɗanda suka sha baƙar wuya, akwai kuma bayin sarki irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a fadar Kano, waɗanda faɗarsu ta kai ɗiya da yawa su rusuna musu. Haka nan a shari'ar da aka bi a ƙasar Hausa, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne. A Amurka akasin haka aka yi. Tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ke nan mai gona zai iya haihuwa da baiwarsa kuma ya kai ɗan cikinsa kasuwa. Daɗin daɗawa, an ɗaure bautar da zuriyar Afirka, har a 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott, ta ce baƙin mutum, ko bawa ko 'yantacce, ba ɗan ƙasa ba ne.

Bayan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 an yi wa kundin tsarin mulki gyara uku. Na 13, a 1865, ya haramta bauta. Na 14, a 1868, ya mai da duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa, ya kuma yi alkawarin doka za ta kare kowa daidai. Na 15, a 1870, ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda jinsinsa ko launinsa. Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare. Amma gyara na 13 ya bar wata ƙofa, domin ya halatta aikin tilas ga wanda kotu ta samu da laifi. Nan da nan jihohin kudu suka kafa dokokin da suka mai da zaman kashe wando laifi, sai a kama baƙin da ba shi da takardar aiki, a ci shi tarar da ba zai iya biya ba, sannan a ba da hayarsa ga mai gona ko mai haƙar ma'adinai. Saboda haka idan muka rubuta cewa "an 'yanta bayi a 1865" muka ajiye alƙalami, mun faɗi rabin labari ne kawai.

Launin fata ko jini?

Mun saba da cewa "wariyar launin fata", kuma kafafen watsa labarai sun riga sun kafa wannan lafazi, ba mai iya tumɓuke shi. Sai dai ya kamata marubuci ya san inda lafazin ya gaza. Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato "race", ba ta da takwara guda a Hausa. Wani lokaci mu ce jinsi, wani lokaci ƙabila, wani lokaci asali, kuma ko wanne da gurguncinsa.

Ga misali. Homer Plessy, mutumin da shari'arsa ta kafa ginshiƙin wariya, in ka gan shi a hanya Bature za ka ce. Cikin kakannin-kakanninsa takwas, ɗaya ne kawai ɗan asalin Afirka. Haka nan Walter White, wanda ya shugabanci ƙungiyar NAACP daga baya, fari ne tas mai shuɗin ido, har yakan saje cikin fararen kudu ya binciko yadda aka kashe baƙaƙe, su da kansu suna ba shi labari. Duk da haka doka ta lissafa su biyun cikin baƙaƙe. A 1924 jihar Virginia ta yi dokar da ta ce ba a kiran mutum fari sai in babu ko ɗigon jinin baƙi a zuriyarsa. Ke nan abin da ake bi shi ne jini da asali, fata alama ce kawai. Bahaushe ya san irin wannan a gida, in ya tuna yadda ake tono asalin mutum ranar neman aure. Marubucin da ya fahimci haka ba zai yi mamakin dalilin da ya sa jihohi 16 suke haramta aure tsakanin fari da baƙi ba har zuwa 1967, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke waɗannan dokoki a shari'ar wasu ma'aurata, Richard da Mildred Loving.

Jim Crow da "a rabe amma daidai"

Jim Crow suna ne da ake kiran dukkan tsarin wariyar kudancin Amurka da shi, kuma ba sunan wani gwamna ko ɗan majalisa ba ne. Wajen 1830 wani ɗan kama farar fata mai suna Thomas Rice ya riƙa shafa baƙi a fuska, ya sa tsumma, yana rawa da waƙa yana kwaikwayon baƙin mutum a matsayin wawa, kuma Jim Crow ya raɗa wa wannan wawan nasa. Daga dandalin wasa sunan ya zama zagi, daga zagi ya hau kan doka. Bai kamata a fassara shi ba. A bar shi yadda yake, a yi wa mai karatu bayanin asalinsa, domin asalin nasa ya nuna cewa tsarin a kan raini aka gina shi.

Bayan da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga sha'anin mulkin kudu a 1877, jihohin suka shiga kafa waɗannan dokoki. A 1890 Louisiana ta wajabta raba taragun jirgin ƙasa. A watan Yuni na 1892 Plessy ya shiga taragon fararen fata da gangan, bisa shirin wani kwamitin mutanen New Orleans da ke son gwada dokar a kotu, aka kuwa kama shi. A 1896 Kotun Ƙoli, alƙalai 7 a gefe guda, John Harlan shi kaɗai a ɗaya gefen, ta ce rabuwar halas ce muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake. Wannan shi ne tushen lafazin "a rabe amma daidai".

To ina daidai ɗin? Mu duba gundumar Clarendon ta jihar Carolina ta Kudu wajen 1950. Hukuma tana kashe dala 179 a kan kowane ɗalibi fari, tana kashe dala 43 a kan baƙi. 'Ya'yan fararen suna da motocin makaranta 30, 'ya'yan baƙaƙen ba su da ko ɗaya, sai dai su taka. An raba asibiti, da ɗakin jiran mota, da famfon shan ruwa, da makewayi, da maƙabarta. A wasu kotunan har Littafi Mai Tsarki na rantsuwa biyu ake ajiyewa, don kada hannun fari ya taɓa inda na baƙi ya taɓa. Ga amsar tambayar ɗalibina. Kalmar da ta dace ita ce "ware", ko "wariya", ko ma "tsangwama", domin ɓangare guda ne ya yanke hukunci, ya ɗauki mai kyau, ya tura ɗaya gefe don ya san matsayinsa.

Mu ma an taɓa ɗanɗana mana ɗan kaɗan daga wannan salon magana. A dokar birane ta 1917, gwamnatin Lugga ta tsara a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma dalilin da aka bayar shi ne kiwon lafiya, wai don kada sauro ya ɗauko musu zazzaɓi. A Afirka ta Kudu kuwa, tsarin da aka kafa a 1948, sunansa a harshen masu shi ma'anarsa "zama a rarrabe" ne kurum. Amma kada a cakuɗa tarihin biyu: a can baƙaƙe ne mafi rinjaye a ƙasar kakanninsu, a Amurka kuwa a 1960 kusan ɗaya ne cikin goma.

Ranar 17 ga Mayu, 1954, a shari'ar Brown, wadda lauya Thurgood Marshall ya jagoranta, alƙalan Kotun Ƙoli 9 gaba ɗaya suka ce makarantun da aka ware ba za su taɓa zama daidai ba. Amma a shekarar da ta biyo baya kotun ta ce a aiwatar da hukuncin da sauri irin na tsanaki, sai masu wariya suka riƙe "tsanaki" suka yar da "sauri". A 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji kafin ɗalibai 9 su shiga babbar makarantar Little Rock. Gundumar Prince Edward ta Virginia kuwa ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati baki ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yara a aji guda.

Kalmomin hana ƙuri'a

A nan ne dabarar suna mai taushi ta fi fitowa fili. Tun da gyara na 15 ya hana a ce "baƙi ba zai yi zaɓe ba", sai aka nemo hanyoyin da ba a ambaci baƙi a cikinsu ba.

Ta farko ita ce harajin ƙuri'a. Mississippi ta sa dala 2 a shekara a 1890, kuɗin da ya fi ƙarfin manomin da ke noma gonar wani a kan bashi. Ta biyu ita ce jarrabawar karatu. Wanda ya ji sunan zai ce ai ba laifi a nemi mai zaɓe ya iya karatu. Amma magatakardan rajista, wanda fari ne, shi ke zaɓen sashen tsarin mulkin da za a karanta a yi bayani, shi ke kuma yanke wanda ya ci. Sai malamin makaranta baƙi ya faɗi, jahili fari ya haye. Ta uku ita ce sharaɗin kaka. Don kada tarkon ya kama talakawan fararen fata, Louisiana ta ce a 1898 duk wanda ubansa ko kakansa ke da ikon zaɓe kafin 1867 an ɗauke masa jarrabawar. Wane baƙi ne kakansa ya yi zaɓe alhali yana cikin bauta?

Sakamakon ya nuna manufar. A 1896 baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe a Louisiana sun haura 130,000. A 1904 saura 1,342. Saboda haka in za mu rubuta "jarrabawar karatu", mu biyo ta da bayanin wanda ke riƙe da jan biro, in ba haka ba mun taya azzalumi ɓoye wuƙarsa.

Kisan taron dangi

Bayan doka akwai igiya. Abin da Turawa ke kira "lynching" wasunmu kan fassara shi da "ɗaukar doka a hannu". Wannan fassarar tana da haɗari, domin tana sa mai karatu ya zaci akwai laifin da aka yi, jama'a ne dai suka kasa haƙurin jiran alƙali, kamar yadda ake yi wa ɓarawon kasuwa. Tun 1892 'yar jarida Ida B. Wells, bayan an kashe abokanta uku masu kanti a Memphis, ta bi diddigin irin waɗannan kashe-kashe ta nuna cewa sau da yawa "laifin" bai wuce yin gasa da fari a kasuwanci ba, ko musu da shi, ko zargin da ba shi da tushe. Cibiyar Tuskegee ta lissafa mutum 4,743 da aka kashe haka tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙaƙe ne. Wani lokaci da rana tsaka ake yi, a taru da mata da yara, a ɗauki hoto a buga a kati a aika wa dangi.

A watan Agusta na 1955 aka sace Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da ya zo hutu Mississippi daga Chicago, bisa zargin ya yi wa wata mata fara rashin kunya a kanti. Aka yi masa dukan kawo wuƙa, aka harbe shi, aka jefa gawarsa a kogin Tallahatchie. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka wanke mutum biyun da ake tuhuma cikin kimanin sa'a guda, kuma bayan 'yan watanni mutanen suka amsa laifinsu a wata mujalla da ta biya su kuɗi. Mahaifiyar yaron ta ce a bar akwatin gawa a buɗe duniya ta gani. Ni a ganina "kisan gilla na taron dangi" ya fi kusa da ma'ana, tare da bayyana cewa manufarsa tsoratar da al'umma ce gaba ɗaya. Sai a 2022 Amurka ta samu dokar tarayya da ta ambaci wannan laifi da sunansa, kuma sunan Emmett Till aka sa mata.

Kalmomin masu gwagwarmaya

Idan muka juyo ɓangaren masu neman haƙƙi, sai mu ga Hausa tana da wadata. Ƙauracewa ita ce ta farko. Kalmar Turancin ta samo asali ne daga sunan wani wakilin mai gonaki a ƙasar Ailan, Charles Boycott, wanda manoma suka ƙi yi wa aiki suka ƙi cinikayya da shi a 1880. Tamu ta fi tasu, don ba ta buƙatar bayani. Ranar 1 ga Disamba, 1955, a Montgomery ta jihar Alabama, Rosa Parks, tela mai shekara 42, ta ƙi tashi ta ba fari kujera a motar bas. Ana yawan cewa gajiya ce ta hana ta tashi, ita kuwa da bakinta ta musanta haka. Sakatariyar reshen NAACP ce ta garin, ta san abin da take yi. Watanni tara kafin nan ma an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan irin wannan. Daga 5 ga Disamba baƙaƙen garin, waɗanda su ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjoji, suka ƙaurace wa motocin har kwana 381. Suka taka a ƙasa, suka tsara ɗaukar juna a motocinsu, aka jefa bam a gidan matashin limamin cocin da ke jagorantarsu, Martin Luther King, mai shekara 26 a farkon lamarin, amma ba su janye ba sai da hukuncin Kotun Ƙoli ya iso garin a Disamba 1956. Marubucin da ya ce "wata mata ce ta gaji" ya shafe aikin dubban mutane.

Ta biyu ita ce zaman dirshan. Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth a Greensboro, inda ake sayar wa baƙi kaya amma ba a yarda ya zauna ya ci ba. Suka nemi a ba su kofi, aka hana, suka ci gaba da zama har aka tashi. Washegari suka dawo da ƙarin mutane, abin ya bazu zuwa garuruwa da dama, kuma a watan Yuli kantin ya sauka. Ta uku ita ce tafiyar 'yanci: a watan Mayu na 1961 mutum 13, baƙaƙe 7 da farare 6, suka tashi daga Washington a motocin safa zuwa kudu don gwada hukuncin da ya hana wariya a tashoshi, aka ƙona ɗaya motar a kusa da Anniston. Ta huɗu ita ce tattaki, kamar na Washington ranar 28 ga Agusta, 1963, wanda ya tara mutum wajen 250,000, da na Selma ranar 7 ga Maris, 1965, inda 'yan sanda suka far wa mutum wajen 600 da kulake da barkonon tsohuwa a kan gada, suka fasa wa John Lewis kai.

Kalmar da ta fi wuyar sha'ani ita ce sunan aƙidar da ta haɗa waɗannan duka, wadda King ya koyo daga Gandhi na Indiya. Mukan ce "lumana", kuma ba laifi. Amma kada a kuskura a ce "haƙuri". Haƙuri a wajenmu shi ne ka zauna ka jure ka bar wa Allah, kuma abin da fararen kudu da wasu limamansu suka yi ta roƙon baƙaƙe ke nan, su jira lokaci. Wasiƙar da King ya rubuto daga kurkukun Birmingham a Afrilu 1963 martani ce ga masu wannan kira. Su masu lumana fita suke yi su karya dokar zalunci a bainar jama'a, su miƙa hannu a kama su, su ƙi ramawa ko an zuba musu miya a ka. Har horo ake ba su, kamar yadda James Lawson ya yi wa ɗaliban Nashville, a zage su a ture su don su saba. Manufar ita ce a tilasta wa zalunci ya fito fili, kamar yadda ya fito a Birmingham lokacin da duniya ta ga hotunan karnuka da mesar kashe gobara a kan 'yan makaranta. "Bijirewa cikin lumana" shi ne lafazin da ya ɗauko ɓangarorin biyu.

Suna linzami

Wani fagen faman shi ne sunan mutanen kansu. Akwai kalmar zagi da ba zan rubuta ba. Akwai "masu launi", wadda ake rubutawa a allunan wariya. Akwai "Negro", wadda W.E.B. Du Bois da wasunsa suka yi fafutuka a riƙa fara ta da babban baƙi, har jaridar New York Times ta yarda a 1930, kuma ita King ya yi ta amfani da ita. Daga 1966, da Stokely Carmichael ya ɗaga taken ƙarfin baƙar fata, matasa suka rungumi "baƙi" suka mai da shi abin alfahari. A 1988 Jesse Jackson ya yi kira a koma ga "Ba'amurke ɗan asalin Afirka". Malcolm X ya yar da sunan Little don na ubangijin kakanninsa ne, kuma bayan ya sauke farali a 1964 ya ziyarci Nijeriya, ɗalibai a Ibadan suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Mai rubuta labari sai ya kula da zamanin da yake ba da labarinsa da kuma bakin da maganar ke fitowa.

Akwai kuma kiran raini. Farin kudu ba ya ce wa baƙi malam ko malama, sai dai ya kira sunansa gatsal, ko ya ce masa "yaro" ko da ya yi furfura. Mu ma mun gaji wannan kalma daga Turawan mulki, ita ce "boyi". A 1963 wata 'yar gwagwarmaya, Mary Hamilton, ta ƙi amsa tambayar lauyan gwamnati a wata kotun Alabama har sai ya kira ta da laƙabin girmamawa irin wanda ake yi wa farare. Alƙali ya tura ta gidan yari, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1964. Haka nan a 1968 masu kwasar shara na Memphis suka yi yajin aiki ɗauke da alluna. In aka fassara rubutun allon kai tsaye sai a ce "ni namiji ne", wanda a Hausa zai zama kirari. Abin da suke nufi shi ne "ni ba yaron kowa ba ne, cikakken mutum ne". Wajen mara wa wannan yaji baya aka harbe King ranar 4 ga Afrilu, 1968.

Haƙƙin ɗan ƙasa

Saura sunan gwagwarmayar kanta. Wasu kan ce "neman 'yancin kai", amma wannan namu ne da na Ghana, inda King ya halarci bikin 1957, kamar yadda ya zo Legas a 1960 wajen rantsar da Azikiwe. Mu so muke baƙo ya tafi. Su kuwa so suke ƙasarsu ta cika musu alkawarin da ta rubuta a 1868 da 1870. Don haka "haƙƙin ɗan ƙasa" shi ne daidai. Ya kuma bambanta da "haƙƙin ɗan Adam", kuma Malcolm X ya yi amfani da wannan bambanci: ya ce muddin ana kiran abin haƙƙin ɗan ƙasa, to maganar cikin gida ce, amma in an kira shi haƙƙin ɗan Adam sai a iya kai Amurka ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya. Da wannan ya je taron shugabannin Afirka a Alƙahira a Yuli 1964.

Dokoki uku ne suka rushe Jim Crow. Ta 1964 ta hana wariya a wuraren jama'a da wajen ɗaukar aiki. Ta 1965 ta dakatar da jarrabawar karatu ta kuma ba tarayya ikon sa ido, har rajistar baƙaƙen Mississippi ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan kashi 60 a 1967. Ta 1968 ta hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Amma a nan ma akwai tarko, domin wariya iri biyu ce, ta doka da ta aiki. A biranen arewa babu allo a ƙofa, amma tun shekarun 1930 ake zana wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira a hana su rancen gida. Kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta soke wani muhimmin sashe na dokar 1965. Wanda ya rubuta "an kawo ƙarshen wariya" sai ya faɗi wacce yake nufi.

Kammalawa

'Yan'uwa, na koma wa ɗalibaina da wannan darasi a mako na gaba. Ban ce "raba" ba. Na rubuta musu 179 da 43 a allo, na ba su labarin motoci 30 da yaran da ke takawa, sannan na ce su ba ni kalmar da ta dace. Yaron da ya yi tambayar shi ya fara cewa, "Malam, wannan ai wulaƙanci ne." Shawarata ga mai son rubutu a kan wannan tarihi, ko wani makamancinsa, ita ce kafin ya buɗe ƙamus ya tambayi kansa abu uku: wa ya ƙirƙiri kalmar, me aka aikata da ita, kuma me wanda abin ya faɗa wa yake kiran abin. Hausa ba ta rasa kalmomi ba, tana da wariya da tsangwama da ƙauracewa da zaman dirshan da bijirewa. Abin da ya rage mana shi ne mu san tarihin sosai yadda za mu sa kowace a gurbinta. Allah ya yi mana jagora, ya sa alƙalumanmu su tsaya a kan gaskiya, amin.